Randar Inna da Na Huda

Shekarun baya, lokacin da kaset ɗin bidiyo ke tashe, ni kuma ina ganin duk Birnin Konni babu mai kai irin nawa, na yi wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Shekaruna ashirin da ɗoriya a lokacin, ina da ɗan teburin gyaran rediyo kusa da tasha. Wana da ke cirani a kurmi ya aiko mana da tele da bidiyo, aka ajiye su a ɗakina da ke jikin zaure, tunda ni ne injiniyan gidan.

Hoto dai ba laifi, amma muryar telen nan ba ta da kauri ko kaɗan. Za ka ga mota ta kama da wuta a fim, gini ya rushe, amma abin da zai fito ta ɗan ramin sifikar bai wuce ƙarar faɗuwar kwano ba. Ni kuwa na taɓa shiga silima a Sakkwato sau ɗaya, na ji yadda ƙara ke shiga ƙirjin mutum ta zauna. Tun daga ranar na ƙudura sai na kawo wannan rugugin cikin ɗakina.

Na samo wata ƙatuwar sifika a tsallaken iyaka, wadda aka cire daga jikin motar da ta yi haɗari. Na haɗa mata ampli, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da hannuna, na naɗe waya a jikin guntun ƙarfe don ta tace siraran muryoyi, masu kauri kaɗai su wuce. Saura akwati. Na farko da na haɗa da katakon akwatin shayi ne, marar kauri. Ina kunnawa ya hau kakkarwa yana zirrr, ƙusoshi suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Abokina, wanda muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare kuma ba ya rasa shawara ko ba a tambaye shi ba, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, bar wahal da kanka da icce," in ji shi. "Bas, wannan rugugin da kake nema, ba ya son abin da ka motsi. Randa za ka nema, babba, mai kabri. Na gani wurin wani mai ɗinki can Malbaza, har ƙasa ta ka rawa."

Muka gwada da tulu. Ƙarar ta gyaru, amma cikin tulu ya yi mata kaɗan. A nan ne hankalina ya tafi ga randar mahaifiyata.

Wata babbar randa ce baƙa, ta kai mini ƙugu, a kafaɗarta an zagaye ta da dannin babban yatsa. Tana kife a lungun ɗakin ajiya, an rufe ta da buhu. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san amfaninta ba. Na sani sarai. Wata goma sha ɗaya take yi a kife, in azumi ya zo Inna ta fito da ita, ta wanke, ta turara, ta girke ta a kan jiƙaƙƙen yashi a ƙofar gida, masu wucewa su sha ruwan sanyi in an kira magariba. Na kuma sha jin cewa kakata ce ta gina ta, don maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Badaguishiri. Amma a kaina na wancan lokacin, randa randa ce. Ranar Laraba kasuwa cike take da su, in azumi ya matso sai in sayo mata sabuwa, har ma ta yi mini godiya.

Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, Inna ta tafi Badaguishiri sunan jikar ƙanwarta, za ta yi mako guda. Ta bar wa maƙwabciyarmu, aminiyarta ta shekara da shekaru, amanar gidan: ta riƙa shigowa tana ba awaki dusa, ta kuma zubo mini tuwo. Motar Inna ba ta gama fita gari ba na mirgino randar zuwa ɗakina.

In faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau, kuma wannan na cikin abin da ke ƙara mini kunya. Na yanka katako mai kauri daidai bakin randar, na fafe tsakiyarsa na zaunar da sifikar. Na farke tsohon matashin kai na zuba audugar rimi a ciki. Na yanka robar tayar keke na naɗe wuyan tam, ko iska ba ta fita. Da muka kunna, ƙarar ta fito da nauyi, sai dai kamar an shaƙe ta.

"Numfashi ta ka so," in ji abokina. "Sai ka huda mata ƙofa nan ƙasa, ka sa bututu."

Na tsaya na dubi randar. A nan ne kaɗai zuciyata ta ɗan ja ni baya, don har zuwa lokacin ban yi mata abin da ba ya warwaruwa ba. In na kwance roba na zazzage auduga, ta koma randarta. Na yi wannan tunanin, na gama shi tsaf, sannan na ɗauko ƙusa.

Tun bayan azahar har la'asar sakaliya ina kanta. Ina ɗiga ruwa, ina murza ƙusa a hankali don kada ta tsage, har ƙusar ta faɗa ciki. Na sa magagari na buɗa ramin ya kai faɗin bakin kofin shayi, na cusa guntun bututu na liƙe da danƙo. Muka sa wani fim na yaƙi. Da aka harba igwa ta farko, ƙasa ta zubo daga rufin ɗakin, awakin Inna suka zabura suka yi bayan gida. Na ji ƙarar a cikin haƙarƙarina, irin wadda na ji a Sakkwato. Ranar ko sarki bai kai ni jin kai ba.

Kwana huɗu na yi ina cin wannan sarauta. Samarin unguwa suna cika ɗakin bayan la'asar, kowa yana tambayar ina sirrin yake, ni kuma na lulluɓe randar da tsohon zanen gado ina murmushi irin na masana.

Inna ta dawo saura kwana tara azumi. Washegari da safe ina wanke fuska na ga ta fito daga ɗakin ajiya da buhu a hannu.

"Auta, ina randata?"

Da na buɗe baki, gaskiya na yi niyyar faɗi. Abin da ya fito shi ne, "Wace randa, Inna?"

"Randa nawa gare ni? Ta azumi."

"Ban gan ta ba."

Ta dube ni kaɗan, ta gyaɗa kai. Ba ta yi shakka ba ko ɗaya, don ban saba yi mata ƙarya ba. Ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ba doguwa ba, don haka duk abin da aka faɗa ya shiga kunnena. Inna ta tambaya da lallashi, ko an ara ne aka manta ba a faɗa mata ba. Nan take muryar maƙwabciyar ta canza.

"Yanzu ni ta za ki tambaya haka? Shekara nawa kina bar mini gidanki, ko allura kin taɓa rasawa?"

"Ba haka nike nuhi ba, yaya."

"To mi kike nuhi? Ni ɗai ka shiga gidan."

Ina tsaye riƙe da buta. Taku goma ne tsakanina da ƙofarsu, kuma kalma uku ta isa ta kashe maganar. Na ajiye butar na tafi tasha.

Kwana biyu matan nan ba su gaisa ta kan katanga ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. A rana ta uku, don ƙarfin hali irin na marar hankali, na sake tara abokai muna kallo. Inna ba ta shiga ɗakina in da baƙi, amma ranar ta dama fura da yawa, ta yi sallama ta shigo da ƙwarya. Tana sunkuyawa za ta ajiye aka yi wani rugugi a fim ɗin, zanen gadon ya zame daga kafaɗar randar.

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta matsa ta ɗora tafin hannunta a kan dannin yatsun nan, randar tana rawa a ƙarƙashin hannunta. Ta shafa ta gangaro har ta kai ga bututun, ta sa yatsa ta zagaye bakinsa. Abokina ya miƙa hannu ya kashe tele, ɗakin ya yi tsit. Na jira faɗa, har na so a yi mini shi. Inna ta miƙe, ta mayar da zanen ta rufe randar yadda yake, ta ce wa abokaina, "Ku sha hura, ɗiyana," ta fita.

Ba ta tsaya a tsakar gida ba, kai tsaye gidan maƙwabciya ta wuce. Na sake jin komai ta kan katanga.

"Yaya, ki gahwarce ni. Na ga randa. Tana cikin gida, tsuhwa ce ta kama ni."

Maƙwabciyar ta yi ta mita, daga baya ta koma dariya, tana tsokanar Inna wai nan gaba sai ta manta inda ta ajiye kanta. Inna tana taya ta dariyar. Kafin mako ya zagayo, matan unguwa duk sun ji labarin yadda Inna ta ɓatar da randa sukutum a cikin gidanta, kuma ta bar su suka yi ta yi mata ba'a a kai.

Na kwance komai a ranar da Inna ta ga randar. Na samo siminti na toshe ramin ciki da waje, na bar shi ya bushe kwana uku, na ɗebo ruwa na cika ta. Da farko kamar ta riƙe, har na fara murna. Can sai gefen simintin ya fara tsatsafa, sannan wata siririyar tsaga ta taso daga ramin ta nufi sama. Kafin azahar ruwan duk yana ƙasa, ni kuma ina tsugune a cikin caɓi.

A haka Inna ta same ni. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan sawo wata."

"Na riga na sawo," in ji ta. Ta dubi tsagar ta daɗe. "Ita ce ta ƙarshe da tsohuwa ta gina kahin hannunta shi mutu. Maida abinka ciki, Auta. Tunda ba ta riƙe ruwa, gara ta yi maka amfani da ta zauna banza."

Babu gatse a muryarta, da gaske take. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar ɗaya ga azumi na rufe tebur da wuri, na ɗaukar mata sabuwar randar zuwa ƙofar gida, na jiƙa yashi. A da ban taɓa zama a wurin da magariba ba, kullum a tasha nake shan ruwa da abokai. Ana kiran salla mutane suka fara tsayawa: masu amalanke, masu dako, masu dawowa daga kasuwa. Wani dattijo mai turin baro ya kafa kai ya shanye moɗa guda, ya ɗan ɓata fuska.

"Ruwan bana ya sake," in ji shi. "Ɗanɗanon ƙasa-ƙasa shi kai, kuma bai yi sanyin da munka saba ba."

Inna tana daga cikin zaure ta amsa, "Randar ce sabuwa, Malam. A dai yi ma tsohuwa addu'a kamar kullum."

Dattijon ya ɗaga hannu, sauran suka ɗaga, suka roƙa wa kakata gafara da sanyin kabari. Daga yadda suka yi shi ba tare da an ƙara musu bayani ba, na gane sun shekara da shekaru suna yin haka. Ashe duk moɗar da aka sha daga randar nan, sadaka ce Inna ke yi wa mahaifiyarta, da abin da mahaifiyar ta gina da hannunta. Ni ina cikin gidan, ina cin tuwon gidan, amma masu turin baro sun fi ni sanin wannan.

Ban mayar da sifikar ba. Na sayar da ita, na kai randar lungunta na kife. Daga baya na koyi haɗa akwatin sifika da katako mai kauri yadda ya kamata, har ya zama mini sana'a, kuma ana yaba aikina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, na ba Inna haƙuri a kan randa, amma ban taɓa ba ta haƙuri a kan ƙaryar ba. Ban kuma taɓa zuwa na gaya wa maƙwabciyarmu cewa ni ne na sa aka tambaye ta abin da bai kamata a tambaye ta ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace, ita kuma Inna ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, sai na fake da shirunta. Maƙwabciyar ta rasu tana ganin aminiyarta ta taɓa zarginta saboda mantuwa. Bayan shekara shida Inna ta bi ta. Yanzu ga shi ina ba ku labarin tiryan-tiryan, ku da ba ku san su ba, alhali su biyun da ya kamata su ji shi daga bakina ba su ji ba.