Inna Turai, Mai Gina Fo a Birnin Tsaba

Da ta idar da sallar asuba, Inna Turai ba ta komawa shimfiɗa. Sai ta yaye buhun da ta rufe yumɓunta da shi, ta yayyafa ruwa, ta hau cuɗawa. Kafin rana ta yi zafi ta gina biyar ko shida, ta jera su a inuwar darni. Ba tukwane ba ne, ba kuma kasake ba. Abu ne gajere mai faɗin gindi, bakinsa sumul, da marfinsa. Ranar da na fara ganinsu a kasuwar Shinkafi sai da na ɗaga ɗaya na tambaya ko na turaren wuta ne. Matan wurin suka kwashe da dariya. Ashe fo ne, na zaunar da yaro ya yi kashi.

Abin ya tsaya mini a rai. Me zai sa macen da ta gaji ginin randa daga uwarta ta koma wannan? Shi ya kai ni gidanta a Birnin Tsaba.

Shekara goma sha biyu ke nan, cikin damina, gudawa ta kama jikarta Nazifa, tana 'yar wata goma. Kwana biyu kacal idanunta suka faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Aka garzaya da ita asibiti a Kaura Namoda, aka yi mata ƙarin ruwa, Allah ya tashe ta. Ranar sallama wani ma'aikacin lafiya, Malam Jibrin, ya tsayar da kakar.

"Inna, in yaran gidanku sun yi kashi, ina kuke zubarwa?"

"Gindin darni mana. Ai kashin jinjiri ba ƙazanta ba ne, nono ne kaɗai."

"To shi ne yake dawowa bakinsu."

"Ɗana, ta ina zai dawo? Ƙahwa gare shi?"

"Ki koma gida ki duba," in ji shi.

Ba ta yarda ba, amma ba ta watsar da zancen ba. Maƙwabciyarta Kulsumu ce ta ba ni sauran labarin. Ta ce da hantsi ta leƙa ta iske Inna Turai tana barbaɗa garin bula, shuɗin nan na wanki, a gindin darnin da ake zubar da kashin. Ta gama ta ɗauko kujera ta zauna ta zuba ido.

"Na ɗauka taɓuwa ta yi," in ji Kulsumu. "Da azahar sai ga ta tana kirana. Zo ki gani! Sawun kaji ne shuɗi-shuɗi kan tabarmar da muka shanya gero. Ga shi bakin akushi, ga shi kan marfin randa. Ta ɗaga hannun ɗana mai rarrafe, tafinsa duk shuɗi. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba."

Daga nan Inna Turai ta shiga bin gidaje da tambaya. Tunda akwai masai, me ya hana a kai yara? Uwaye suka ce bakin ramin ya yi faɗi, yaro yana tsoro, su ma suna tsoron ya faɗa. Fo na roba kuwa sai birni, kuma rana ba ta barinsa ya daɗe. Sai ta koma ga abin da hannunta ya sani. Na farko da ta gina ya yi tsawo, ya kife da yaro. Na biyu bakinsa kaushi, yara suka ƙi zama. Ta riƙa auna jikokinta da taƙin hannu, tana goge cikin fon da dutse mai santsi don ya ɗaurayu, har ta samo wanda ya zauna.

Ba a banza ta sha ba. Mata suka daina ɗaukar randarta, wai hannun da ke gina wa kashi mazubi ba zai gina musu ta ruwan sha ba. Har waƙar zolaya aka yi mata a wurin biki. Ta ce mini ta yi kuka, amma da ta tuna idanun Nazifa sai ta bar musu ginin randar gaba ɗaya.

Inna Turai, ke ce aka gaya wa magana kika ƙi haɗiye ta sai da kika gani da idonki. Ke ce ba ki taɓa miƙa fo ba sai kin maimaita wa uwar yaro: ki juye a masai, ki ɗauraye, ki wanke hannunki da nasa da sabulu, in babu ko da toka. Gwanar yumɓu, ba ki shiga aji ba, amma daga Zurmi har Sakajiki akwai gidajen da karatunki suke bi. Kulsumu ta shaida mini damina uku ke nan ba su kai yaro asibiti saboda gudawa ba.

Yanzu gwiwoyi sun gaji. Bayan kakar bana za ta bar aikin ga matar ɗanta, Salima, wadda ta daɗe tana koyo. Tambaya ce dai ba ta bari ba. Ina shirin tashi ta riƙe ni.

"Ɗana, ku mutanen birni, wannan ƙunzugun zamani da kuke sa wa yara, in ya cika ina kuke kai shi?"

Na ce bola.

"Su kajin birni ba su zuwa bola?"

Na hau mota ina jin kunya.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwoyinki sauƙi, ya raya yaran da kika tsare. Mu kuma da muka ji, kada mu jira sai an ɗauki ɗanmu ranga-ranga zuwa asibiti. Yau ɗin nan kowa ya zaga bayan ɗakinsa ya duba.