Ranar da Kawu Ya Wuce Ƙofarmu

Gonarmu tana can ƙarshen kanal, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa yake isowa a gajiye. Ruwan noman rani da kwana ake rabonsa. Mutanen sama su sha nasu, a buɗe ƙofa a sako mana namu. Haka tsarin yake a baki. A aikace kuwa, in rana ta yi zafi tumatur ya fara langaɓewa, sai na sama su danƙara wa ƙofar kwaɗo, mu kuma mu tafi da shebur da adda mu tambayi dalili.

Abin da ya ba mu wannan ƙarfin hali shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, lauya a birni. Duk wanda aka rotsa wa kai a bakin kanal, ko ya rotsa na wani, kafin jinin ya bushe Kawu ya iso caji ofis da baƙar kwat, yana share gumi. Ya yi beli, ya tara dattawan ɓangarorin biyu, a biya kuɗin magani, a yi addu'a. Ya zage mu tas, mu sunkuyar da kai, kai ka ce mutanen kirki ne. Shekara ta zagayo mu sake. Har karin magana muka yi wa kanmu: kai dai ka sara, Kawu zai ɗinke.

Da aka sanar a rediyo an ba shi ministan ciniki, sa guda aka yanka a ƙauyenmu. Ban ji wanda ya yi maganar farashin tumatur ba. Lissafinmu ɗaya ne, in lauya yana fitar da mutum daga caji ofis, ai minista ko shiga ba zai bari a yi ba. Wautarmu ke nan, kuma da ni aka yi ta, har kirari na yi.

A ranin shekarar Yayana ya zuba duk ƙarfinsa a tumatur. Kwananmu ya zo, kanal a bushe ƙayau. Da hantsi muka ɗunguma ƙofar ruwa. Muka tarar da wani manomi daga sama, mutumin da muke sallar Juma'a sahu ɗaya da shi, zaune a kan ƙofar.

"Malam, tashi, yau namu ne," in ji Yaya.

"Ku ba ni zuwa la'asar, fangalina biyu ya rage ban shayar ba."

"Ko minti."

Mutumin ya miƙe ya kama ƙotar shebur ɗin Yaya. Suka yi ta ja. Wani daga bayanmu ya ɗaga murya, "Sare shi, muna da minista!" Yaya ya fizge shebur ɗin ya sauke masa a wuya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar an fasa kabewa. Ya faɗa cikin busasshen kanal yana shure-shure, jini yana bin tsagar laka. 'Yan'uwansa suka taso da lauje, aka kaure. Ni aka farke mini damtse, tabon yana nan har yau. Kafin a sami mota mutumin ya cika.

'Yan sanda suka tafi da Yaya, ko gezau bai yi ba. Daga bayan motar yake ce mini, "Ka kula da ban ruwa, gobe zan dawo."

Ranar sadakar uku muka ji jiniya. Inna ta sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Motoci suka doso, muka miƙe, suka wuce mu ko birki babu. Kawu ya zarce gidan mamacin. Can ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, aka ce ya ɗora marayun a cinya yana hawaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rantse ba zan sake gaishe shi ba.

Sai bayan azahar ya shigo gidanmu a ƙafa, shi kaɗai. Inna ba ta ba shi ko ruwa ba.

"Auta, ina ɗana?" in ji ta, don haka take kiran ƙanin nata.

Kawu ya ce wa yayar tasa, "Yaya, zan ɗaukar masa lauya mai kyau. Amma waya ba zan buga wa kowa ba."

"Da kana da kwat kaɗai ka fitar da su, yanzu da kake da gwamnati?"

"Da rotse suke yi, Yaya. Wannan rai ne. Da na bar shi ya kwana a rufe tun karon farko, da yau mutumin nan yana gonarsa."

Inna ta juya masa baya, kuma ba ta sake kiransa Auta ba har ta koma ga Allah. Yayana ya tsira daga rataya, amma a gidan yari furfura ta same shi. Kawu ya gama wa'adinsa ya koma kotu, bai ƙara karɓar shari'ar ruwa ba.

Tumatur kuwa ya yi kyau a shekarar, don bayan jana'izar babu wanda ya iya sa wa ƙofar kwaɗo. Ruwa ya yi ta zuwa har ya yi mana yawa. Na tsinko kwandon farko na kai gida, ya nuna jajir. Inna ta dube shi sau ɗaya ta ce in fitar mata da shi daga gida.