Wankin da Aka Yi wa Kwamfutata

Har yau idan na ji mai gyara ya kira kansa injiniya sai raina ya ɓaci. Wani a kasuwar Jega ne ya jawo wa sauran masu gyara wannan.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ta hannu, na saye ta ina koyarwa a Aliero. A cikinta na tara muryar mahaifina, karatun da yake ba manya bayan la'asar a zaurenmu na Karaye. Da waya na riƙa ɗauka ina juyewa kafin rasuwarsa, wayar kuwa ta daɗe da faɗawa rijiyar lambun albasa. Duk zuwana gida sai na kunna wa Inna. Ba karatun take bi ba, tarinsa take jira, da inda yake tsawata wa awaki.

Sai kwamfutar ta fara tsiya. Ana cikin aiki fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu.

Na kai wa injiniyan nan. Ga gilashi a goshi, ga baki, ga allo ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Ɗaga ta ya yi ya jijjiga kamar mai sayen kankana.

"Memori na, Malam. Ya cika. Wanke ta za a yi."

"Akwai muryar tsohona a ciki fa."

"Wanki dai na. Tahi ka yi salla ka dawo."

A sanin kowa wanki datti yake fitarwa, na ɗauka ƙura zai busa. Ashe a bakinsa wanki shi ne share komai, kuma ya ji abin da na ce sarai.

Na dawo na tarar da ita fayau, ba ko hoto. Yana cikin yabon aikinsa ta sake yin shuɗi a gabansa. Sai a lokacin gwanin ya nemi sukurdireba. Yana buɗe bayanta sai ga wani ɗan siririn allo kore da suke kira ram ya goce daga ramin da yake, jijjigar babur ce ta kwance shi. Da babban yatsa ya danna shi, ƙas. Ciwon ke nan gaba ɗaya, bai shafi ajiyata ba ko kaɗan.

Na tambaye shi muryar. Ko kunya bai ji ba.

"Wa'azi na? Ina da su tari, na manyan malamai. In zuba maka?"

Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba. Na ɗauki kayata na fita ba sallama.

Da Juma'a na je gida. Inna ta shimfiɗa tabarma tun ban sauke jaka ba.

"Kunna muna Malam."

Na ce, "Inna, an wanke ta."

"Madalla, ai ta yi ƙura," in ji ta, tana gyara zama. "To kunna."