Ɓarakar da Na Gani a Ragar Rumaisa

'Yan'uwa na gida, ina gaishe ku. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce na zaunar take rubutawa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Jikata Rumaisa tana aikin binciken teku a nan Jidda. Ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa take kamawa ta ƙirga. An zaɓe ta cikin waɗanda za su yi sati uku a babban jirgi, ubanta Sale ya ce sai abin da na ce. Ni kuwa ba na yanke hukunci kan abin da ban gani ba. Na ce a kai ni. Shugabarta, Daktora Amal, ta nemo mini izinin bin su fitar yini ɗaya.

Daga Sharafiyya zuwa Abhur

Ƙarfe huɗu da rabi, ranar Talata, Malam Bashir direba ya tsaya a ƙofa. Bahaushen Sudan ne, a Khumra yake zaune.

"Hajiya, teku ba ta san tsohuwa ba fa," in ji shi.

"Kai ma titi bai san ka ba, ga yadda kake tuƙi. Duba gabanka."

Mun yi asuba a wani masallaci a hanya, muka sayi wake da gurasa na riyal goma. Tafiyar minti arba'in ta kai mu Abhur, arewa da gari. Masu gadin gaɓa suka karɓi iƙamata, wato katin izinin zama a ƙasar, suka dube ni, suka duba takarda. Ɗayansu ya ce ko Hajiya ta iya iyo. Na ce ban zo iyo ba.

Cikin Ruwa

Shida da kwata jirgi ya tashi. Aka ɗaura mini rigar hana nutsewa mai ruwan lemo a kan abayata. Bayan awa ɗaya gari ya ɓace, ruwa ya koma shuɗi kamar an turo shi daga marina. Wasu manyan kifaye suka yi ta tsalle a gefenmu, har na ji kaina ina dariya.

Ragar tasu doguwa ce kamar ƙafar wando, da kwalba a ƙarshenta, idonta ya fi na rariyar siliki ƙanƙanta. Sau uku Rumaisa ta sauke ta, ta jawo, ta juye a kwalabe, ta rubuta. Daktora ta ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Jama'a, kasuwa ce guda. Wani da ƙahoni, wani kamar fitila, wani yana ta gudu ba inda za shi. Na yi salati. Daktora ta ce duk kifin da muke soyawa da waɗannan ya girma.

Wajen goma da rabi Rumaisa na ɗauraye raga, rana ta haska ta baya. Shekara talatin ina tankaɗen garin masa, na san rariyar da ta fara ci. Kusa da kwalba ɗinkin ya buɗe, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Na jawo ta gefe. "Ke, dubi nan."

Ta duba, fuskarta ta sauya. "Sitti, tun yaushe?" Haka take kirana, irin na 'yan Jidda.

"Ni na sani? Yanzu na gani."

Ba wanda ya ji mu. Daktora na ciki, matuƙi ya riga ya juya kan jirgi za mu gida. Kwalaben sun cika, an rufe, ba mai gane wasu halittun sun zurare. Na zuba mata ido in ga abin da za ta yi.

Sai ta wuce ciki da ragar a hannu. Na ji tana cewa ita ce ba ta duba ɗinkin ba kafin a sauke, ƙirgen safiya duka ba abin dogaro ba ne. Matuƙi ya yi ta mita da Larabci. Daktora ta ce, "Halas, yalla, a koma." Na fito da allurata, suka ce allura ɓarna za ta ƙara. Ban ji daɗi ba, amma na mayar. Suka ɗauko wata ragar, Rumaisa ta fara kawo mini ita na duba kafin ta sauke.

Awa uku muka ƙara cikin rana. Hancin Rumaisa ya ƙone, tana jan raga tana dariya, matuƙin ma daga baya ya dafa mana shayi.

Komawa Gida

Ƙarfe huɗu muka taka ƙasa, ƙasar ma tana rawa. Malam Bashir ya ce ina kifin. Na ce ya buɗe kwalba ya ɗiba. Cunkoso ya riƙe mu, sai biyar da rabi muka shiga unguwarmu Sharafiyya.

Sale na zaune a falo. "Inna, yaya?"

"A haɗa mata kaya."

"Sati uku fa, Inna, cikin mutanen da ba mu sani ba."

"Yau ta yi kuskuren da ba mai sani sai ni, ta kai kanta da ƙafarta. Wadda ta yi haka ba ta bukatar mai gadi."

Rumaisa ta faɗo jikina tana warin gishiri, na ce ta je ta yi wanka tukuna.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Daktora da Malam Bashir. Ku sa yarinyar a addu'a, ranar Asabar jirginsu zai tashi.