Mai Kaurin Muka Saya

Abin da na fara gani a situdiyon shi ne kwalayen ƙwai. An manne su a bango tun daga ƙasa har silin, wai don kada sauti ya riƙa dawowa. A jikin ɗaya akwai gashin kaza. Shi na zuba wa ido har Yaya ya gama gaisawa da mai wurin.

Daga Ikara muka zo Makarfi a babur, ni a baya rungume da jakar kwamfuta. Yaya yana haɗa waƙoƙin biki a ɗakinsa, kuma an ba shi aikin waƙar bikin 'yar kawunmu a Kudan. Yarinyar da ke yi masa amshi ta tafi karatu Zariya, sai aka ɗauko ni, domin Inna ta ce tana jin ina rera waƙa wajen wanke-wanke. Na yarda bisa sharaɗi ɗaya, kada kowa ya san ni ce. A ajinmu idan ana kiran suna, sai malam ya ɗago kai ya duba ko na zo.

Zaɓi ne ya kawo mu. Akwai manhajojin kiɗa guda biyu, irin waɗanda ke kwaikwayon tsofaffin injinan kiɗa masu maɓallan murɗawa. Yaya ya sayar da barkonon da ya noma, kuɗin kuma na ɗaya ne kawai. Yana da na gwajin kowacce, amma na gwaji yakan yi "shuuu" a tsakiyar kiɗa, kamar an watsa ruwa a garwashi. So yake ya ji su a manyan lasifikokin abokinsa mai situdiyon kafin ya biya.

"Kai ma da neman wahala," in ji mai situdiyo. "Wa ke sayen wannan? Kawo filashi in zuba maka na kyauta."

"Na kyautarka ne ya kashe min kwamfuta bara."

"Kwamfutarka dama da ciwonta ta zo."

Aka fara da ta farko. Sautinta siriri ne mai kaifi, kamar ana buga cokali a bakin kofi. Ta biyu kuwa an zana mata katako a allon kwamfuta, har da ƙarzuwa a gefe, don a ga ta tsufa. Da Yaya ya danna fiyano, sai na ji sautin a cikina, ba a kunne ba. Gashin kazar nan ya yi rawa.

Daga nan aka tura ni bayan wani bargo da aka rataye, aka kifa min abin ji a kan hijabi. Na yi amshin ido rufe. Da aka sake kunnawa tare da mai siririn sautin, ga muryata nan a fili, har jan numfashina ana ji. Tare da mai kaurin kuwa, sai ta nutse, kamar mai magana a gidan maƙwabta ana niƙa a inji.

Yaya ya yi ta komawa daga wannan zuwa waccan har aka ɗauke wuta aka tada janareta. Can ya waiwayo.

"Ke fa, Malama, wacce?"

"Mai kaurin," na ce.

"Ka ji ko?" in ji mai situdiyo. "Ƙanwar nan taka tana da kunne."

Ban gyara masa ba. Yaya ya biya, ya yi bisimilla kafin ya danna.

Ranar biki a Kudan komai ya tafi daidai. An hayo manyan lasifikoki, ƙasa tana girgiza, ni ina gefe ina raba zoɓo, babu wanda ya kalle ni. Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne, bayan biki ba a jin waƙa a babbar lasifika. Daga waya zuwa waya ake tura ta, kuma wayoyin mutanenmu ƙanana ne. Ta Inna sai an jefa ta cikin kwanon sha take ɗaga murya.

A cikin kwanon muka ji ta. Kaurin nan gaba ɗaya babu shi, ƙaramar waya ba ta iya fitar da shi. Sai ɗan ƙas-ƙas na ganga, sai muryar Yaya, sai tawa, tsaf.

"Ina barkonona?" in ji Yaya. Ya ɗaga kwanon ya duba ƙarƙashinsa.

Inna ta ce waƙar ta yi daɗi, ta sake kunnawa.

Na shiga mako a tsorace. Ran nan a bakin famfo wata 'yar ajinmu ta kunna ta a wayar yayarta. Na tsaya da bokiti ina kallon ruwa, ina jira a juyo. Suka yi ta gardamar wace ce mai amshin. A ƙarshe suka tsaya a kan wata 'yar aji na sama da ke rera taken ƙasa a taron safe. Wata ta ce min in matsar da bokitina, ya cika.

Washegari aka tambayi 'yar ajin saman. Ba ta ce ita ce ba. Murmushi ta yi, ta gyara hijabi. Daga ranar ta riƙa rera amshin a baranda, tana jan numfashi a inda ba a ja.

Abin da na nema ke nan, kuma na samu. Na yi ta gaya wa kaina haka, a aji, a hanya, da wajen wanke-wanke, inda na lura na daina waƙa.

Na sami Yaya a ɗakinsa bayan la'asar, da wayar Inna da kwanon a gabansa, yana murɗa maɓallan katakon nan na zane ko kaurin zai fito. Na daɗe a bakin ƙofa kafin ya gan ni.

"Yaya," na ce, "a waƙa ta gaba, wurin da kake jero sunayen dangin amarya, ka sa nawa. Ka ce mai amshi."