Hoton da na ɗauka da ƙeyata

A shekarun da na yi ina ɗaukar hoto, duk ranar kasuwar Kalgo daga Gwandu nake tasowa a kan babur, da kyamara da wani shuɗin zane da nake ratayawa a bayan mutane. Yawancin masu zuwa wurina 'yan ci-rani ne daga arewa. Ba na son gardama, shi ya sa da na ga wani Buzu ya tsaya a gabana, amawali ya rufe masa komai sai idanu, raina ya ɗan ɓaci.

Ashe fari ne ya kashe masa raƙuma, ya gangaro nan yana gadi. Ya baro 'yarsa tana tatata, ga shi har an yi mata aure. Ta aiko masa cewa ta manta kamanninsa.

"Huskata nika so ta gani," ya ce da ni. "Amma ba cikin mutane ba."

Na zagaye shi da zanen. Ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ma ka juya."

Na ce to da ƙeya zan ɗauka? Bai yi dariya ba. Sai na kafa kyamarar a kan ƙafafunta, na daidaita ta, na ba shi baya. Na ji motsin rawani, na lalubo, na danna.

Dole na gani da aka wanko. Hoton ya karkace, kunne ɗaya ya fita. Ga furfura, ga baki ya rasa yadda zai yi da kansa. Tausayinsa ya kama ni sosai. Na ce a sake kyauta, ya ƙi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni, "Wanga tsoho za ta gani?" Na ce shi ɗin fa. Ya naɗe shi a tsumma, ya ba wani direba mai zuwa Agadas.

Bayan damina ya zo rumfata, ya zauna yana jira har na sallami mutane.

"Ta gane ka?" na tambaya.

Ya gyara amawali, idanunsa sun kawo ruwa.

"Ta ce kullum tana ganin hancin ga. Ta haihu, irinsa ne ga yaron."