Garkar da Ba Ta Warin Magani

A littattafan soyayyar da nake saye a kasuwar Dogon Dutsi, saurayi yakan je zance yana ƙamshin turare. A garinmu, kusa da Gesheme, warin maganin ƙwari uban yarinya yake nema a rigarka. In ka gifta mutane suka toshe hanci, to kai ma'aikaci ne, ana iya ba ka ɗiya.

Wadda nake so ɗiyar wani mai garka ce a fadama. Ni nake ba ta aron littattafai, ta karanta ta maido, tana yi mini tsiya wai samarin ciki ba su san igiyar rijiya ba. Da magabatana suka je tambaya, mahaifinta ya ce sai ya ga hannuna. Ya yanka mini gefen garkarsa inda aka dasa shu, wato kabeji, ya miƙo mini famfon feshi. In shu ya naɗe lafiya, a zo a sa rana.

Ina ban ruwa ina mafarki. Da yamma wasu 'yan malam-buɗe-littafi masu launin toka sukan tashi daga ganye, ni kuwa har sha'awa suke ba ni, ina cewa a raina ga shaidun soyayyarmu. Ashe ƙwai suke zuba mini. Ba a jima ba ƙananan tsutsotsi kore suka cika bayan ganye. In ka taɓa ɗaya sai ta yi tsalle da baya, ta rataya da zare kamar tana yi maka gwalo.

Na zuba marfi ɗaya na magani a famfo, na fesa. Da safe suna nan suna ci. Na ƙara marfi, idanuna suka yi ja, tsutsa ta ƙara ƙiba. Mai sayar da magani ya ba ni wata kwalba mai hoton kunama, ya rantse daga hayin iyaka ta zo, ko jaki ya sansana sai ya zauna. Tsutsa ba ta zauna ba.

Na kwashi kwalaben na kai wa malamin gona, wanda muke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci. Ya duba rubutun jikinsu ya ce duk guba ɗaya ce, riga kawai aka sake mata.

"Cikin wasu tsutsotsin akwai abin da ke narkar da dafin kafin ya kama su," in ji shi. "Gado ne. Ka kashe raunana, ka bar masu taurin ciki, su ne suka yi aure suka haihu. Fadamarku kaf haka ake yi."

Na ce, "To, su dai an sa musu rana ke nan."

Bai yi dariya ba. Ya ce in aje wannan maganin, in daka 'ya'yan dogon yaro in jiƙa, in riƙa fesa ruwan da yamma, sauran kuma in tsince da hannu.

Na ari turmin innata. Taubashina, wanda garkarsa ke jikin tawa, ya leƙo ta saman danni.

"Ango, fura kaka dama musu? Ka sa nono, kar su ce ka yi rowa!"

Na yi banza da shi. Kuma wallahi abin ya fara aiki, sabon ganye yana fitowa da 'yan huji kaɗan. Sai dai duk yamma ina ganin masu launin tokan nan suna ƙetaro danni daga garkunan da ake ta feshi. Na roƙi maƙwabta mu daina tare. Wani ya ce littafi ya taɓa mini kai.

Wata safiya Baba, mahaifin yarinyar, ya shigo. Bai dubi ganye ba. Ya tsaya tsakiyar garka ya ɗaga hanci, sannan ya kama hannun rigata ya sansana.

"Yaro, ina magani?"

"Baba, maganin ne ke ƙara musu ƙarfi. Mushe ya ce..."

"Mushe na da garka? Mun ba ka famfo ka rataye, kana daka kamar mai jego."

Ya karɓi famfon, ya tuttula magani ba awo, ya yi wa shu wanka da tsakar rana. Ganye ya ƙone ta gefe, ya yi ruwan ƙasa. Tsutsa ta shige can cikin zuciyar shu ta ci gaba da kiwonta. Abin da ya fi cin raina, a majalisa ya ce ni na bar su suka huta har suka fi ƙarfin magani, kowa kuma ya gyaɗa kai.

Ba a sa rana ba. An ce wa magabatana yaron kirki ne, amma hannunsa bai nuna ba.

Ita yarinyar ta zo da kanta, ta tarar da ni ina wanke turmi. Ta aje littattafaina a bakin rijiya, ta ɗora musu kan shu guda, duk huji kamar rariya.

"Na san kai ke da gaskiya," in ji ta. "Da ka shafa ɗan maganin a riga, ka yi dakanka a ɓoye, da mi zai ci ka?"

Ta gyara lulluɓinta ta bi hanyar gari, ni kuwa ina tsaye, hannuna sai ɗacin dogon yaro.